Me ya sa ake biyan kuɗin suna daban, na masauki daban, in za a buɗe shafin intanet?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jami'a nan Damagaram, Babanmu baduku ne, yana yin jakunkuna da takalma da tumtum na fata. Mutane daga Yamai da Kano har da waje suna yawan tambayar hotunan kayanshi, shi ne na ce mu buɗe mishi shafin intanet. Wani yaro a unguwarmu ya ce zai yi mana amma kuɗin kashi uku ne, na aikinshi, da na domen, da na eberjema, kuma wai biyun ƙarshen duk shekara sai an sake biya. Baba ya ce shi bai gane abin da za ka saya da kuɗinka kuma ka riƙa biya duk shekara ba. Don Allah mene ne waɗannan abubuwa, kuma haka ake yi ko cuta ce?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa wa sana'a albarka. In na fahimce ka abu biyu kake son sani, mene ne domen da eberjema, sannan ko yaron nan gaskiya ya faɗa da ya ce duk shekara ake biyansu. Toh gaskiya ya faɗa, a wannan wurin bai cuce ku ba, haka ake yi a duk duniya. Kuma Baba ma bai yi kuskure ba da ya tsaya a kan maganar, kalmar "saya" ce ta rikita lissafin, don ba saye ba ne, haya ce, duka biyun haya ce. Amma akwai wurin da ake cutar mutane a wannan harka kuma ba a kan farashi ba ne, a kan sunan wanda aka rubuta a takarda ne, kuma mafi yawan waɗanda na gani sun yi kuka ba su ma san akwai wannan tambayar ba sai bayan abu ya lalace. Zan zo kanta, amma sai ka fara gane abin da ake haya tukuna.

Masaukin shafi

Shafin intanet ba wani abu ba ne illa tarin fayiloli, rubutu da hotuna da ɗan umarnin da ke gaya wa waya yadda za ta jera su. Fayilolin nan dole su zauna cikin wata kwamfuta, kuma dole kwamfutar ta kasance a kunne tana kan intanet dare da rana, domin mutumin da ke Liyon ko Legas bai san lokacin da kuke barci ba, duk sanda ya taɓa sunan shafin wayarshi za ta aika saƙo zuwa kwamfutar nan ta ce ba ni hoton jakar nan, ita kuma ta miƙo. Irin wannan kwamfuta ita ake kira saba. Hayar wuri a cikinta shi ne 'yan faransanci ke cewa eberjema, 'yan'uwanmu na Najeriya su ce hostin, ni dai masauki nake ce mishi don shi ne ma'anar kalmar.

In za ka yi wa Baba bayani ka ɗauko mishi zancen Zango, zai gane nan take. Zamanin da ayari ke sauka garin nan, bafatake ba ya gina gida, wajen fatoma yake sauka, fatoma ya ba shi ɗaki, ya ajiye mishi kaya, ya tsare su, mai saye in ya zo a gidan fatoma zai ga kaya. Kayan na bafatake ne, ɗakin na fatoma ne, kuma muddin kaya na ciki ana biyan haƙƙin ɗaki. In bai ji daɗin wannan fatoman ba, baɗi ya sauka wajen wani da kayanshi. Haka kamfanin masauki yake, kuma wannan na ƙarshen ka riƙe shi, ana sauya masauki ba tare da an yi asarar komai ba in dai kana da kwafin kayanka.

Ɗalibai da yawa sun tambaye ni me zai hana mutum ya mai da kwamfutarshi ta gida saba ya huta da biyan haya. A ilmance ana iya yi, ni ma na yi don koyo kuma ina ba ka shawara ka gwada wata rana don za ka ƙaru. Amma na sana'a a'a. Ka duba yadda kuran ke yi mana a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke wuce 40, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, ga rezo da ke tafiya ya dawo, sannan layin waya da muke shiga intanet da shi ba ya ba ka adireshi tsayayye wanda mutum daga waje zai same ka da shi. Su kamfanonin masauki gine-gine ne da su cike da dubban kwamfutoci, da na'urorin sanyaya ɗaki, da batura da manyan injinan wuta da ke tashi da kansu in kuran ya ɗauke, da layukan intanet fiye da ɗaya, da ma'aikata masu kwana a wurin. Kuɗin da kake biya duk shekara rabonka ne na wannan ɗawainiya.

Masaukin kala-kala ne. Mafi araha shi ne na tarayya, inda shafuka ɗaruruwa ke zaune cikin saba guda suna raba ƙarfinta, kamar fatake da yawa a zaure ɗaya. Aibinsa in wani maƙwabci ya cika hayaniya naka shafin na iya yin nauyi, amma ga shafin baduku mai hotuna 50 ko 100 ya isa har ya yi yawa. Sama da shi akwai wanda ake kira VPS, an yanka maka rabonka na saba ka yi yadda kake so amma kai za ka kula da tsaronta da gyaranta, sai kuma hayar saba sukutum. Waɗannan biyun ba naku ba ne yanzu, duk wanda ya ce shagon Baba na bukatar su ko dai bai san aikin ba ko kuɗi yake nema.

Sunan kuma fa

Kowace saba tana da lamba da ake samun ta da ita, ana ce mata adireshin IP, wadda aka fi sani lambobi 4 ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, misali 8.8.8.8 ta Google ce. Kwamfutoci da lambar suke aiki, su ba ruwansu da suna. Mu ne ba mu iya riƙe lambobi, kai ma yanzu in na ce ka faɗi lambar wayar abokanka 10 da ka ba za ka iya ba, suna kake taɓawa waya ta nemo lambar. Toh a 1983 wani injiniya ɗan Amurka, Paul Mockapetris, ya tsara hanyar da za a yi wa duk intanet irin wannan littafin sunaye, shi ne DNS. Ka rubuta suna, DNS ya juya shi lamba, wayarka ta bi lambar ta isa saba, duk cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Sunan farko da aka yi wa rajista da .com shi ne symbolics.com ranar 15 ga Maris 1985, tun kafin ma a ƙirƙiro shafukan yanar gizo, waɗanda Tim Berners-Lee ya kawo shawararsu a 1989 a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba.

Sunan nan shi ne domen. Kashi biyu ne, wanda ka zaɓa da kanka, da wutsiyar da ke bayan ɗigo. Kowace wutsiya tana da mai riƙe da babban littafinta, .com kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da ita, .ng ƙungiyar NiRA ce a Najeriya, .fr Afnic a Faransa, tamu ta Nijar kuma .ne ce, wadda tun farko Sonitel aka damƙa wa, wato kamfanin da aka haɗe da Sahelcom ya zama Niger Telecoms. A saman tsarin akwai ICANN da aka kafa a 1998, ita ke shimfiɗa ƙa'idojin irin su .com da .org da .net. Kai kuma ba wajen Verisign za ka je ba, wajen dillalai za ka je waɗanda aka ba izinin rubuta suna a littafin, irin su OVH da Gandi da Namecheap da GoDaddy. Dillalin ya duba in babu mai sunan, ya rubuta ka na shekara 1, ko 2, har zuwa 10 a .com, iyakar kenan. Babu wanda ke sayar da .com na har abada, in ka ji an ce maka haka ka san akwai magana a ƙasa.

Abin da ya sa suna ya fi masauki daraja shi ne babu guda biyu iri ɗaya a duniya. Masauki akwai dubbai, wannan ya ƙi ka koma wancan. Suna kuwa in wani ya riga ka shi kenan, in kuma naka ne ka sake shi wani ya ɗauka, duk katin da kuka buga da duk allon da kuka rubuta da duk mutumin da ya ajiye adireshin a wayarshi, wajen baƙo za su riƙa zuwa.

Kan zaɓen suna ina so in ɗan daɗe don mu nan muna da matsalar da littattafan turawa ba sa faɗi. Muna rubuta Hausa hanya biyu. Wanda ya yi lakwal nan zai rubuta kilichi, na Kano ya rubuta kilishi, mu mu rubuta Ousmane su Usman, mu doukawa su dukawa, mu tch su c. Kai kuma ka ce masu sayen Baba suna Yamai suna Kano suna waje. Saboda haka ka nemi sunan da duk wanda ya ji shi a waya zai rubuta shi hanya ɗaya, ka guji kalmar da ke da u ko sh ko c in da hali, kalma irin fata kowa iri ɗaya yake rubuta ta, Zinder ma haka, Damagaram ma haka sai dai tsawo. In kuma sunan da aka san Baba da shi dole yana da rubutu biyu, toh ka kama duka biyun ka sa ɗaya ya riƙa tura mutane wajen ɗayan, kuɗin suna ɗaya ne ƙari. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɗ da ƙ da ɓ, kar ka sa su cikin domen ko da wani dillali ya karɓa, yawancin mutane ba su da su a allon wayarsu. Kar ka sa lamba, kar ka sa karan tsakiya, don duk sanda za ka faɗi sunan sai ka tsaya bayani. Gwajin da nake yi kullum shi ne in kira mutum biyu in faɗa musu sunan sau ɗaya in ce su turo min shi a rubuce, in sun rubuta daidai sunan ya yi.

Wutsiya kuma, ni ga mai sayar da kaya waje .com nake fara dubawa saboda kowa ya san ta kuma ko'ina ana sabunta ta. Amma ina son .ne ƙwarai, tana nuna kayan na Nijar ne, kuma mu Hausawa ta zo mana daidai baki, ka duba suna irin namu.ne yadda yake karantuwa kamar magana. In kasuwa ta buɗe ku kama ita ma. Abin da nake hana mutane shi ne sababbin wutsiyoyin da ake tallarsu da arha sosai shekarar farko, ranar sabuntawa kuɗin ya ninka sau da yawa, da kuma sunan kyauta wanda ke maƙale a jikin sunan wani kamfani, irin wanda ke ƙarewa da blogspot.com ko wordpress.com, wannan ba naka ba ne, ɗaki ne a gidan wani kuma ba ka tafiya da shi.

Yadda ake ɗaura su

Ka kama suna, ka kama masauki, saura a gaya wa suna inda masaukin yake. Kamfanin masauki zai ba ka ko dai lambar IP ko sunayen sabobin DNS nashi guda biyu, ka shiga asusunka na wajen dillalin suna ka rubuta su, aikin minti 5 ne. Daga nan sai a jira labari ya bazu, wani lokaci cikin awa ɗaya wani lokaci har kwana 1 ko 2, don sabobin duniya suna riƙe tsohon bayani na ɗan lokaci kafin su sake tambaya, kar hankalinka ya tashi in ya buɗe a wayarka bai buɗe a ta abokinka ba ranar farko. Ta nan ne kuma ake saita imel mai sunan shagon, wanda ke sa baƙo ya fi natsuwa da ku. Ranar da kuka sauya masauki layin nan kawai za a canza, masu ziyara ba za su ma san an yi ƙaura ba.

Sai ɗan kwaɗon nan da ake gani gefen adireshi, wato https. Shi ke rufe abin da ke wucewa tsakanin waya da saba kar wani a hanya ya karanta. Tun Yulin 2018 Chrome ke rubuta wa shafin da ba shi da shi cewa ba amintacce ba ne, kuma baƙo in ya ga haka juyawa yake. Da can sayen shi ake yi, amma tun ƙarshen 2015 akwai Let's Encrypt da ke ba da shi kyauta kuma yana sabunta kanshi, kusan duk masaukin kirki ya haɗa shi ciki. In an sa muku shi a lissafi a matsayin kuɗi na huɗu ku tambayi dalili.

Inda cutar take

Yanzu ga maganar da na ce zan dawo kanta. Lokacin rajistar suna ana tambayar sunan mai shi da imel da lambar waya. Wanda aka rubuta a nan, kuma wanda ke riƙe da kalmar sirrin asusun, shi ne mai domen a idon dillali, ba wanda ya fitar da kuɗi ba. Abin da yawancin masu yin shafi ke yi shi ne su yi rajistar cikin asusunsu da imel ɗinsu, sau da yawa ba da mugun nufi ba, sauƙi suke nema, ko kuma katin banki nasu ne. Amma sakamakon ɗaya ne.

Na taɓa yin wahala da wata ƙungiya a nan jihar a kan haka, har yau abin na damuna. Sun yi shekaru da shafinsu, sunan na kan takardunsu da allon ofis da duk wasiƙun da suke aika wa masu tallafa musu, imel ɗinsu ma a kanshi yake. Yaron da ya yi musu ya tafi neman kuɗi arewa, ya sauya lamba, babu wanda ya yi faɗa da shi, tafiya ce kawai ta kama shi. Wata safiya shafi ya daina buɗewa, imel ya daina shigowa, suka kira ni suna zaton rezo ne. Da na duba sai na ga sunan ya ƙare wata biyu da suka wuce. Dillalin ya aika gargaɗi kamar yadda ƙa'ida ta ce, ana aikawa wajen wata guda kafin ranar sannan wajen mako guda, amma duk cikin akwatin yaron suka faɗa. Muka rubuta wa dillalin, ya ce mu kawo shaidar cewa mu ne masu shi, ba mu da ko rasit da sunan ƙungiyar. Kafin a samo yaron ta hannun danginshi lokaci ya ƙure, wani can waje da ke farautar sunayen da suka faɗi ya ɗauke. Sabon suna muka kama, suka sake buga komai, kuma ba su san wasiƙu nawa suka ɓace a tsakani ba.

Ga yadda lokacin yake a .com don ka san shi. In ranar ta wuce ba a biya ba shafin zai tsaya, dillali na iya ba ka rangwamen kwanaki, iyakarsu 45 amma wasu ba sa kaiwa haka, a nan kuɗin da aka saba za ka biya. Bayan nan akwai kwana 30 na fansa, ana iya dawo da shi amma da tara mai nauyi da ta ninka kuɗin sunan sau da yawa. Sai kwana 5 da ba mai iya taɓa shi, daga nan ya koma kasuwa kowa na iya kamawa.

Saboda haka abin da za ka ce wa yaron unguwarku, cikin mutunci ba tare da zargi ba, shi ne ku zauna tare a buɗe asusun da imel ɗinka, a rubuta sunan Baba ko naka a matsayin mai shi, da lambar wayar da ba za ku yar ba, kai ka sa kalmar sirri da hannunka. In yana bukatar shiga don saiti ku yi tare ko ka ba shi ka canza bayan ya gama. Saƙo zai shigo imel ɗin yana neman ka tabbatar da adireshinka, ka danna shi, don in an yi kwana 15 ba a tabbatar ba ana dakatar da sunan, wannan ma na ga ya kama mutane. Mai aikin gaskiya ba zai ƙi wannan tsari ba, hasali ma sauke mishi nauyi ka yi. In ya ce ba zai yiwu ba sai dai a cikin asusunshi, nan ne za ka nemi wani. Kuma in da hali masaukin ma a yi shi da sunanku, amma in dole ɗaya za a bari a hannunshi toh masaukin ne, ba sunan ba.

Wanda ya riga ya yi kuskuren, ana gyarawa muddin mai asusun na nan kuma ana shiri. Zai cire makullin sunan ya ba ka wata lambar sirri ta ƙaura, ka kai ta wajen dillalin da ka zaɓa, cikin kamar mako guda sunan ya dawo hannunka. Sai dai ba a ƙaura cikin kwana 60 na farko bayan rajista. Ranar ƙarewar kowane .com da dillalin da ke riƙe da shi kuwa a fili suke, ka shiga lookup.icann.org ka rubuta sunan za ka gani, sunan mai shi ne kawai ake yawan ɓoyewa tun 2018 saboda dokar Turai ta kare bayanan mutane, shi ya sa rasit da shiga asusu su ne shaidarka.

Batun kuɗi

Ba ka faɗa min nawa ya ce ba, amma ga ma'auni. Sunan .com yawanci tsakanin dala 10 zuwa 20 yake a shekara, dalar Amurka nake nufi ba tamu ta sefa 5 ba. Da yake kamfanonin da muka fi hulɗa da su na Faransa ne lissafi da yuro ya fi mana sauƙi tunda a tsaye yake, yuro 1 sefa 656 ne in an cike. Mu ɗauka suna yuro 12, wajen sefa 7,900 kenan, masauki na tarayya mu ce yuro 3 a wata, 36 a shekara, wajen sefa 23,600, ka ga duka jika 31 da ɗoriya a shekara, jaka ɗaya ko biyu ta Baba ta biya shi. In abin da aka ce muku na shekara-shekara ya zarce wannan nesa, ba lallai cuta ba ce, wataƙila ya sa ladan kula da shafin ciki, kuma haƙƙinshi ne, amma a rarrabe muku a rubuce, wannan na suna, wannan na masauki, wannan nawa.

Ka lura da farashin da ake rubutawa da manyan haruffa a tallar kamfanonin nan, sau da yawa na shekarar farko ne ko kuma sai ka biya shekara 3 ko 4 a dunƙule, kuma ba a sa haraji ba. Wanda ya dame ka shi ne na sabuntawa, yana ƙasa da ƙananan haruffa. Haka in sun ce suna kyauta ne tare da masauki, shekara ɗaya ce.

Biyan ma wata ɗawainiya ce a wajenmu. Kamfanonin waje katin Visa ko Mastercard suke so, Airtel Money da su Nita ba sa isa can kai tsaye. Bankuna suna ba da katin da ake zuba wa kuɗi a yi sayayya da shi, yana aiki, amma ka tuna ranar sabuntawa in babu kuɗi ciki ko katin ya ƙare biyan zai faɗi shiru ba ka sani ba. Shi ya sa ni nake sa mutanena su biya suna na shekara 2 ko 3 gaba ɗaya, su kuma rubuta ranar a bangon shago kusa da kalanda. Akwai masu sayarwa na cikin gida da ke karɓar kuɗin waya, ba laifi a bi ta hannunsu da sharaɗin nan dai na suna.

Abu biyu da suka rage

Na farko kwafin ajiya. Kar ka ɗauka tunda kamfani babba ne kayanka ba za su salwanta ba. A watan Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen OVH a Strasbourg, shafuka masu ɗimbin yawa suka ɗauke, kuma waɗanda ba su da kwafi a wani wuri daban wasu ba su sake ganin kayansu ba. Duk sanda aka yi babban canji ka sauke kwafin shafin gaba ɗaya, in da WordPress aka yi shi, wato manhajar gina shafi, har da rumbun bayanansa inda rubutun shafin ke zama, ka ajiye a kwamfutarka da wani wuri na biyu.

Na biyu nauyin hotuna, wannan shi ne ciwon shafukanmu. Hoton waya ɗaya yana kai mega 3 zuwa 5, ka jera 20 a shafi ɗaya ka ga mega 80 kenan, mutumin da ke Mirya ko Magarya da ɗan forfe ɗinshi zai rufe kafin jakar farko ta bayyana, sai a ce masauki ne ba shi da kyau alhali ba shi ba ne. A rage kowane hoto ya dawo wajen kilobait 150 zuwa 200, kyansa ba ya raguwa a ido. Kuma a gwada shafin a ƙaramar waya da rezo mai rauni, ba a kwamfutar mai yin shi ba.

In ni ne kai, tunda abin da ake nema hotuna ne da farashi da maɓallin da zai kai mutum WhatsApp ɗin Baba, zan kama suna yau, sannan in fara da ƙaramin abu. Kai ɗalibi ne, shafi marar rumbun bayanai kana iya ɗora shi kyauta a masauki irin Netlify ka ɗaura sunanku a kai, Blogger ma yana karɓar domen naka, ka ga kuɗin shekara ya koma na suna kaɗai. In kuma kuna son Baba ko ƙannenka su riƙa ƙara kaya da kansu daga waya, toh WordPress a masaukin tarayya, amma shi yana son a riƙa sabunta shi don marar sabuntawa ɓarayin intanet ke fara shiga. Facebook da WhatsApp kar ku bar su, nan mutanenmu suke, sai dai rumfa ce a kasuwar wani, ranar da aka rufe asusu ba wanda za ka kai wa ƙara a Damagaram.

Iyakar aikina ƙananan shafuka ne na makarantu da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa. Ranar da kuka kai ga son baƙo ya biya da kati a cikin shafin a aika mishi kaya Faransa, wannan ya shiga harkar banki da kwastan da sufuri, sai ku nemi wanda ya yi irinsa da hannunshi. Yaron unguwarku ma ban ga aikinshi ba balle in yanke mishi hukunci, ka ce ya nuna maka shafuka biyu da ya yi waɗanda ke aiki yanzu, ka buɗe su a wayarka, in da hali ka tambayi masu su ko asusun na hannunsu. Ka zauna da Baba ku fitar da sunaye uku da yake so a kira shagon da su, ka turo min in duba wanda ba a kama ba. Ka gaishe min da shi.